Yashin Tarbar Baƙo

Lokacin ina digiri na biyu, aikina wankin ƙasa ne. Haka mutanen gidanmu a Anka suke kiransa don su tsokane ni, wai masu haƙar zinari suna wankewa su samu abin duniya, ni kuma in wanke in samu takarda. Gaskiyarsu. Ƙasa nake ɗiba, in jiƙa ta da ruwan gishiri, in tace, in auna dalmar da ta fito. Sai in sake jiƙa ragowar da ruwan tsami, sannan da abin da ya fi shi ƙarfi, hawa-hawa har zuwa asid. Dalmar da ta fito a wankin farko ita ce abin tsoro, don ita ce ke saurin shiga jinin yaro.

Gwaggona tana aure a wani ƙauye kusa da Dareta. An taɓa dakan dutsen zinari, mai ɗauke da gubar dalma, a tsakar gidanta, ga kuma jikarta ta fara rarrafe. Na aika mata cewa zan zo ɗiban ƙasa ranar Laraba. Na iske gida fes, na ci tuwo, na kankare saman ƙasa a wuri biyar, na hau babur.

Sakamako ya fito kusan babu komai, daga wankin farko har na ƙarshe. A nan ya kamata in tsaya. Ƙasar yankin nan ba ta taɓa fitowa haka ba, kuma malamina ya ce in koma in ɗebo daga zurfi. Amma ina da girman kai a lokacin, ga gaggawar gama rubutu. Na aika wa Gwaggo cewa gidanta lafiya lau, ta bar yarinya ta yi wasanta.

Da damina yarinyar ta fara jijjiga. Ta rayu, amma magana ba ta zauna a bakinta ba. Da na je dubiya, muna zaune a tabarma, na tona ƙasa da ɗan tsinke, sai na ga wani launi daban a ƙarƙashi. Na tambayi Gwaggo.

Ta ce, "Yashi na nis sa anka kwaso daga rahi waccan rana. Baƙo za ya taho daga jami'a, in bar mai tsakar gida haka?"

Kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Wata uku na yi ina wanke yashin rafi. Na sa aka kwashe ƙasar gidan aka zuba sabuwa, na ce wa Gwaggo don hankali ya kwanta ne kawai. Har yau ban faɗa mata gaskiya ba.

Bara na kai mata ziyara. Yarinyar ta girma, tana zaune gefe tana kallonmu. Gwaggo ta gyara mata kallabi, ta ce, "Ikon Allah na. Da ba kai ka auna da kanka ba, ɗana, da sai in ce ƙasag ga ta."