Sabo Mai Rediyo da Dogo Mai Sanda

Sabo haifaffen Riruwai ne. Ubansa ya ƙare rayuwarsa a ramin kuza, shi ya sa tun yana yaro ya ƙi duk sana'ar da za ta kai shi ƙarƙashin ƙasa. Ya koyi gyaran rediyo, ya kama shago a bakin tashar Tudun Wada. Mutum ne marar yawan magana, ga shi da ɗingishi a ƙafar hagu.

A shekarar 1994 ya je Kano sayen kayan gyara, ya dawo da wata baƙar na'ura mai hannun latsawa biyu da kaset ɗaya na wasan faɗa. Ya jona ta da tsohuwar talabijin, ya tayar da janareta. Kafin damina ta faɗi, rediyoyi sun koma lungu, shagon ya zama gidan gem. 'Yan acaɓa, teloli, 'yan sakandare, kowa da gwaninsa a cikin kaset ɗin. Sabo ne alƙali. Wanda aka kayar ya tashi, wanda ya yi zagi ya fita, in an kira salla a kashe.

Zakaransu Ɗantani ne, ɗan acaɓa mai baki kamar reza, har ranar da Buba ya leƙo. Buba makiyayi ne daga wata ruga kusa da Burumburum, yakan shigo ranar kasuwa. Ya daɗe yana kallo daga bakin ƙofa kafin ya karɓi hannu. Ya zaɓi wani dogon tsoho mai sanda da kowa ya raina. Da an fara sai ya ja da baya har ƙarshen fage, ya durƙusa kamar mai gaida surukai, ya jira. Kana matsowa ya share maka ƙafa. In ka faɗi ba ya bin ka da duka, sai ya koma ya jira ka tashi.

"Wannan ai ba faɗa ba ne, kiwo ne," in ji Ɗantani.

"To ka daina zuwa kamar ɗan maraƙi mana," in ji Buba.

Daga nan suka zama abokai. Ranar kasuwa shagon ba ya ɗaukar mutane.

Da rani ya tsananta, Buba ya kora shanu dajin Falgore. Shanun suka dawo ruga su kaɗai. An yi nema har an gaji, ko takalminsa ba a gani ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, Ɗantani ya zo bai tarar da abokin karawa ba, sai ya zauna shi da na'ura. Kowa ya san halin na'urar, da an fara take afko wa mutum. Da layi ya zo kan dogo mai sanda, sai dogon ya ja da baya har ƙarshen fage, ya durƙusa.

Ɗantani ya waiwaya. Ɗaya hannun yana kan benci, ba wanda ya taɓa shi.

"Malam Sabo, zo ka gani."

Sabo ya ajiye abin da yake gyarawa. Ɗantani ya matsa, aka share masa ƙafa. Dogon ya koma ya jira.

Sabo ya zare wayar hannun na biyu. Ya cire kaset, ya hure, ya mayar. Ya kwance na'urar gaba ɗaya, bai ga komai ba sai ƙura da mataccen kyankyaso. Sauran 'yan faɗan cikin kaset ɗin suna nan yadda suke. Dogon kaɗai ya sauya, kuma ranar kasuwa kawai.

Labari ya kai har Kiru da Bebeji. Aka daina karawa da juna, kowa so yake ya zauna gaban dogon. Shagon da a da ihu ke tashi ya yi tsit, mutane cunkus amma ba mai tari. Wasu har sallama suke yi kafin su ɗauki hannu. Ɗantani ya rame, ya daina tsokanar kowa. Sabo bai so abin ba, amma ya kasa kashewa.

Sai ga wata tsohuwa da ƙwaryar nono a ka, ta tsaya a bakin ƙofa. Goggo A'isha ce, mahaifiyar Buba. Sabo ya durƙusa ya gaishe ta, aka buɗa mata hanya. Ta zauna ta zuba wa talabijin ido, ba ta taɓa ganin irinta ba. Ba mai riƙe da hannu a lokacin, don haka ɗan faɗan Ɗantani yana tsaye ƙiƙam. Dogon ya taho a hankali, ya wuce rabin fage, ya durƙusa, bai ƙara tashi ba.

Ta yi wa dogon magana da Fillanci, ƙasa-ƙasa. Sannan ta juyo wajen Sabo.

"Ɗana, kullum haka kuke tsayar da shi?"

"Ranar kasuwa ne kawai, Goggo."

"Ya isa. Ku bar shi ya tafi."

Sabo ya kashe janareta da hannunsa. Ya cire kaset ɗin ya miƙa mata, ta naɗe a gefen zane ta fita. Ba wanda ya tambaye ta inda za ta kai shi.

Bayan wata biyu ya koma Kano neman wani kaset. Mai shagon ya ce masa ai abin da ke tafe ya fi wannan, za a riƙa jona na'urori da wayar tarho, kana Tudun Wada ka dambace da wanda ke Legas ba ka ga fuskarsa ba.

"Ta yaya za ka san da wa kake yi?" in ji Sabo.

Mutumin ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne.

Sabo ya dawo da sabon kaset da sabuwar doka, ba mai wasa shi kaɗai a shagonsa. In ka zo ba abokin karawa, ka jira, ko shi ya ajiye aiki ya zauna da kai, duk da bai iya ba. A hankali ihu ya dawo. Ɗantani ya ci gaba da kawo fasinja tasha, yakan leƙo ya gaisa, amma bai sake zama a bencin ba. Sabo ya riƙe shagon har ƙafar ta hana shi tayar da janareta, ya bar wa ƙaninsa Sani, ya koma gyaran rediyo a zauren gidansa.