Murfin Injin da Kajina Suka Sha Ruwa a Ciki

Shekarar da aka shiga gina makarantun boko ko'ina, aiki ya yi wa maigidana yawa. Kafinta ne a Batsari, ƙofofi da tagogi da bencina kowa shi yake nema. Sai ya sayo injin gyaran bakin katako daga Katsina. Tebur ne na ƙarfe, da wuƙa a tsaye a tsakiyarsa tana juyawa, in an tura katako ta gefenta sai ya fito da ado kamar an zana. Ranar da aka sauke shi har guɗa maƙwabta suka yi mini.

Injin ya zo da wani jan murfi mai kama da rabin ƙwarya, wanda ke rufe wuƙar. Maigida ya kwance shi, ya ce yana tare masa gani, ya miƙo mini.

"Ga shi, ki zuba wa kajinki ruwa."

Na karɓa da murna, don ban san amfaninsa ba.

Rumfar aikinsa tana jikin katangarmu, akwai wata 'yar kafa da nake leƙawa in ina shanya. Ta nan na ga yadda yatsunsa ke wucewa dab da wuƙar, ita kuwa don gudu ko ganinta ba a yi. Ga hannun riga yana reto. Lokacin ina goyon fari, yarinyar kuma ba ta barci sai ta damƙe manuniyar ubanta. Tun daga ranar, in injin ya tashi sai na tsaya a bakin kafar nan. Da yamma in ina zuba masa ruwan wanke hannu, yatsun nake bi da ido ɗaya bayan ɗaya.

Na gwada magana sau ɗaya.

"Malam, wannan jan abin, ba a mayar da shi?"

"Kajin sun ce ba su so?" in ji shi, yana dariya.

Ban ƙara ba. Yarinya ce ni, ina ni ina koya wa kafinta aikinsa.

Ranar kasuwa mahaifina ya zo daga Babban Duhu sayar da ɗan maraƙi, ya biyo ya gan mu. Makiyayi ne, bai san inji ba, ni kuma ba zan iya kai ƙarar miji wurinsa ba. Na shimfiɗa masa tabarma, na jawo murfin na ajiye daidai inda zai miƙe ƙafa. Kaji suka taru.

"'Yar nan, wannan wane irin kasko ne?"

"Na bakin injin ne, Baffa. Wurin wuƙar."

Ya juya shi, ya dube ni. Sannan ya zubar da ruwan, ya saɓa sandarsa, ya fita da shi. Na ruga wurin kafar katangar nan.

Maigida na ganin surukinsa ya kashe inji, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi damina. Baffa ya zagaya injin yana jinjina kai.

"Bijimi ne mai kyau. Amma mu, Malam, sa mai tunkuyi ko shi ya fi kowanne lafiya ba mu barinsa ba igiya. Ga igiyarsa na tsinto wurin kaji."

"Gaskiya ne, Baffa. Dama ina da niyya."

"To yi niyyar ina nan, in ga yadda ake ɗaura ta."

Wa zai musa wa suruki? Yana gumi ya nemo kusoshin, ya ɗaure murfin. Baffa bai tafi ba sai da ya ga an tura katako ya fito da adonsa lafiya lau. Har ya sa aka yanke guntun itace na tura katako, wai makiyayi ma ba ya taɓa ƙaho da hannu.

Da maigida ya shigo ya zauna, na kawo ruwa.

"Kin kai ƙarata."

"Ni? Kaji ne suka sha ruwa gaban baƙo."

Ya so ya ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa. Yarinyar ta rarrafo ta kama yatsan nan nata, ya bar mata.

Murfin bai sake sauka ba, ko da yake ya yi ta mita wai yana rage masa sauri. Washegari ya ƙera wa kajin kwamin shan ruwa na katako, har da ado a bakinsa. Matan unguwa suka riƙa zuwa kallo, suna cewa kajina sun fi amare gata.