Ranar da Na Bi Yaya Yusufu a Washington

Clinton

Na bar gidana da ke Clinton, a jihar Maryland, ana idar da sallar asuba, raina a ɓace tun kafin in sa takalmi. Na rubuta wannan ne domin 'yan uwa na Funtuwa da suka dame ni da tambaya, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Ga waɗanda ba su sani ba, Baba ya je Ingila karatun likitan dabbobi tun kafin ya auri mahaifiyarmu. A can ya auri Baturiya, suka haifi ɗa, ya raɗa masa Yusufu, uwar tana kiransa Joseph. Yaron yana ɗan shekara huɗu Baba ya dawo gida, matar ta ce ba za ta biyo shi ba, shi ke nan zumunci ya yanke. Yau wannan yaron ɗan majalisar dokokin Birtaniya ne. Da Baba ya ji a bakin ƙanena Sani cewa Yusufu zai yi lacca a wata jami'a a Washington, sai ya kira ni.

"Hadiza, ki je ki haɗa ni da shi a waya."

"Baba, ba a shiga wurin irin waɗannan mutanen haka kawai."

"Ke ba a Amurka kike ba?"

A wurin Baba, Amurka unguwa ɗaya ce. Ga shi ciwon zuciya ya kwantar da shi sau biyu a bana, ban ga bakin musu ba. Na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini kantin magani, na kira maƙwabcinmu Malam Isuhu, mutumin Maraɗi mai tuƙa tasi.

Hanyar shiga birni

Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ta ci mana kusan biyu. Kafin mu haye kogi motoci sun tsaya cik, wai wata babbar mota ce ta lalace a kan gada. Malam Isuhu ko a jikinsa, yana kurɓar shayi.

"Hajiya, wannan dapite ɗin, ɗan majalisar nan, shi ya san da ke?"

"Na aika wa ofishinsa saƙo har na gaji. Amsa ɗaya suke ba ni: yana sauraron mutanen mazaɓarsa ne kawai."

"To ai ke mazaɓar jini ce. Tahiyar ga tana da lada."

A cikin cunkoson na ba shi tarihin mutumin, yadda na tsinto shi a jaridu. Ya tashi a wani garin masunta a arewacin Ingila, uwarsa tana aiki a kamfanin gyaran kifi. Bai yi jami'a da wuri ba. Ya fara da aikin gidan kula da tsofaffi, yana yi musu wanka yana ba su abinci. Daga nan ya zama wakilin ma'aikata, ya zama kansila, ya nemi kujerar majalisa ya faɗi sau biyu, a na uku ya ci. An taɓa ba shi ƙaramin minista, ya ajiye muƙamin da kansa saboda an rage kuɗin kula da tsofaffi, ya koma kujerun baya na majalisa yana ta surutu.

"Mai kula da tsohin mutane," in ji Malam Isuhu, "ga nashi tsoho can Huntuwa." Na ce ya kula da tuƙinsa.

Otal

Wata 'yar Zariya da ke koyarwa a jami'ar ce ta gaya mini otal ɗin da ya sauka, a arewa maso yammacin birnin, unguwar ofisoshin jakadanci. Na iske ya fita. Wadda na samu ita ce mataimakiyarsa, wata doguwar Baturiya mai waya biyu a hannu, tana murmushin da bai wuce leɓe ba.

Na ce ni ƙanwarsa ce. Ta dube ni daga ɗankwali har takalmi.

"Ba shi da ƙanwa. Amma idan kina da ƙorafi, akwai adireshin ofis."

Na sayi shayi da ɗan biredi a wurin, dala tara, shayin kuma ruwan zafi ne aka nuna wa ganye daga nesa.

Jami'a

Babu wurin ajiye mota, sai Malam Isuhu ya sauke ni ya ce zai yi ta zagaye. A ƙofar zauren aka binciki jakata, aka karɓe robar ruwana. Na samu kujera a can baya.

Da Yusufu ya fito sai na ga kamar Baba ne. Goshin Baba ne, tafiyar Baba ce, har yadda yake karkata kai idan ana yi masa tambaya. Gashinsa duk furfura. Ya yi magana a kan tsofaffin da ke mutuwa su kaɗai a ɗaki, ba a sani ba sai maƙwabta sun ji wari. Ya iya magana, ban hana shi ba. Mutane suna tafi, ni kuwa ina tafasa.

Da aka zo tambayoyi na shiga layi. Niyyata in faɗa a gaban kowa cewa mahaifinsa yana kwance a Funtuwa. Ina tsaye sai na tuna asirin Baba zan tona, ba nasa kaɗai ba. Na koma na zauna, ina jin haushin kaina, da na Baba, da na Sani mai baki.

A baranda na tare shi, mataimakiyar tana ƙoƙarin shiga tsakani. Na faɗi sunan Baba cikakke. Ya tsaya.

"Na san ko ke wace ce," in ji shi. "Saƙonninki sun iso gare ni. Ni na ce kada a amsa."

"Ba shi da lafiya. Muryarka kawai yake so ya ji."

"Uwata ta yi shekara talatin hannunta cikin ruwan ƙanƙara. Da ta rasu, ni kaɗai na tsaya a kan kabarinta. Lokacin yana ina?"

Na ce, "Ban zo kare shi ba. Aiko ni aka yi, na kuma isar. Tun asuba nake bin ka kamar mai neman aiki, ƙafafuna ciwo suke. Ka ce a'a in tafi gida."

Na juya na fita. Ina bakin titi ina ɗaga wa Malam Isuhu hannu sai na ji takun mutum a bayana.

"Zan ziyarci wani gidan tsofaffi a Annandale kafin in wuce filin jirgi," in ji shi. "Ku kai ni. Ban yi alkawarin komai ba."

Mataimakiyar ta biyo mu a tasu motar, fuska kamar an aiko mata da mutuwa.

Annandale

Da muka haye zuwa Virginia sai Malam Isuhu ya ce wa Yusufu "Sannu da zuwa" ya kuma fassara da Faransanci, wanda bai taimaki kowa ba. Muna shiga Annandale Yusufu ya ce, "Kira shi."

Muka tsaya a gaban wani kantin 'yan Koriya. Na kira Sani, waya a kashe. Sani da ya haddasa duk wannan! Na kira matarsa, ta ce ya tafi kallon ƙwallo. Na ce ta kai wa Baba wayar. Ta dawo ta ce yana sallar magariba, kuma kowa ya san Baba da lazimi. Ɗan majalisar Birtaniya yana zaune a bayan tasi yana duba agogo, mataimakiyarsa tana ƙwanƙwasa gilashi, ni ina yi wa Funtuwa ihu. Na ce a raina, idan ya buɗe ƙofar nan ya fita, ba zan ga laifinsa ba.

Bai fita ba. Can sai fuskar Baba ta bayyana a allon wayata, ya kusanto da wayar har hancinsa kawai muke gani. Na miƙa wa Yusufu. Suka kalli juna. Ina jiran Baba ya nemi gafara, ko ya yi kuka. Sai ya gyara murya, ya ɗauko tsohon Turancinsa na Ingila.

"Ranar muhawarar asibitoci, wani ɗan majalisa mai jan wuya ya katse ka, ka zauna. Me ya sa ka zauna?"

Yusufu ya dube ni, ya dubi wayar. "Ka kalla?"

"Duk ina kallo. Sani yana sa mini. Me ya sa ka zauna?"

"Dokar majalisa ce. Idan ka ba mutum dama, sai ka zauna."

"Dokar banza. Kai ke da gaskiya."

Yusufu ya yi wata dariya da ta karye a tsakiya, ya rufe idonsa da hannu. Malam Isuhu ya buɗe ƙofa ya fita, ni ma na bi shi. Muka tsaya muna karanta farashin kabeji a jikin kanti. Abin da suka faɗa bayan nan ban ji ba, kada kuma wanda ya sake tambayata.

Da ya fito ya miƙo mini wayar, idonsa ja. Bai ce zai zo Funtuwa ba. Ya dai sa na rubuta masa lambar Sani, na ce ya haɗa da ta matar, don ita ce mai ɗauka. Ya tambaye ni yadda ake faɗin sunana daidai, ya maimaita har ya iya, sannan ya shiga motarsu.

Gida

Mun iso Clinton bayan la'asar. Malam Isuhu ya ƙi karɓar ko sisi, sai da na haɗa shi da Allah ya karɓi na mai. Na gode masa, na gode wa 'yar Zariya, na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya.

Ina cire takalmi waya ta yi ƙara. Baba ne, bai yi barci ba. Na zauna, na shirya karɓar albarka.

"Hadiza, me kika ba shi ya ci?"

"Baba, a mota muka haɗu."

"Wato kin bar yayanki ya hau jirgi da yunwa."

Na ce, "Na yi kuskure, Baba."

"To. In ya sake zuwa, ki yi masa miyar kuka."