Ranar da Jan Zakara Ya Tashi

Malam Salihu bai taɓa sa ƙafa cikin mashaya ba, amma a duk Saint-Fons, wata unguwa a gefen Lyon, babu wanda ya kai shi sanin mashayun unguwar. Mutumin Damagaram ne. Ya zo Faransa da ƙuruciyarsa, ya ƙarar da ƙarfinsa a wata masana'antar sinadarai da ke bakin kogi, ya aje aiki da tari a ƙirji da ɗan gidan haya a hawa na biyu. Karatun allo ya yi, boko bai shige shi ba, titunan Nasara kuwa duk sunayen matattun da bai sani ba ne. Sai ya koma ga kwatance irin na gida, inda ake cewa ka wuce tsamiya, ka karya dama wajen maƙera. A nan babu tsamiya, amma kowace mashaya tana da allo rataye a bakin ƙofa da hoto a jikinsa. Su ya riƙe.

Daga masallaci zuwa gidansa ga yadda hanyar take: Farin Doki, sai Kifi Uku, sai Mai Tulu, wata mace da aka zana da tulu a kafaɗa, sannan Jan Zakara. A gindin Zakara ake karya dama, ƙofa mai shuɗin fenti ita ce tasa. Matarsa Balkisa, Allah ya jiƙanta, ba ta gajiya da tsokanarsa. "Malam," takan ce, "kai kaɗai na sani wanda gidajen giya ke kai shi salla su maido shi." Ɗaliban Nijar sababbin zuwa ma da wannan kwatancen yake aika su, kuma ba a taɓa jin ɗaya ya ɓata ba.

Mai mashayar Jan Zakara wani ƙato ne mai jar fuska, sunansa Michel. Shekara da shekaru suna gaisawa, shi daga ciki, Malam Salihu daga waje, dokin ƙofa a tsakaninsu. Malam ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya da sanyi, Michel yana amsa kowanne da "ça va", wato lafiya lau, har ya koyi jiran tambayar ƙarshe kafin ya koma ga kofunansa.

Bayan rasuwar Balkisa mantuwa ta fara shigarsa. Da farko tukunya ce a kan wuta, daga baya sunayen mutane. Wata rana maƙwabciya ta tsince shi a matsayar bas, bai san inda ya nufa ba. 'Yarsa tilo, Nuriyya, wadda ke aikin bincike a Paris, ta zo ta kai shi ga likita. Da suka dawo ta durƙusa a gabansa, idonta ya yi ja.

"Baba, ka yi haƙuri, amma in hakan ta sake faruwa, da ni za ka tahi Paris. Ba ni iya barci da wannan fargaba."

"Ni da ɓata?" ya ce. "Zakara na nan, Nuriyya."

Ya san gidanta. Can sama yake, takan fita tun safe sai yamma, ba masallaci kusa, ga kabarin Balkisa an baro shi a Lyon. Paris ɗin nan ya fi tsoronta fiye da mutuwa, kuma bai ɓoye wa kansa ba.

Abin da bai gaya mata ba shi ne alamun sun fara tafiya. Farin Doki ya fara. Aka wayi gari wurin ya koma baƙin gilashi, ko suna babu. Kifi Uku aka toshe ƙofarsu da bulo. Mai Tulu aka shafe ta da farin fenti, in rana ta haska sai ka ga inuwar hannunta tana nan a ƙarƙashi. Ba wanda ya damu. Mutanen yanzu kansu a sunkuye yake cikin salula, ko sama ta faɗo sai wayar ta sanar da su. Malam Salihu kaɗai ke lura, kuma duk allon da aka sauke sai ya ji kamar an cire masa haƙori. Sai ya koyi sabuwar dabara: in ya fito masallaci ya miƙe, ba ya duban hagu ba ya duban dama, har sai ja ya bayyana a sama.

Wata safiya Michel ya ƙetare dokin ƙofa ya fito, abin da bai saba yi ba.

"Salihou, gwiwoyina sun ƙare. Rufewa zan yi."

"Zakara fa?"

"Wani mai gasa kaji can gaba ya roƙe ni, na ba shi. Ka ji ni da kyau. Daga yau ga alamarka." Ya kama hannunsa ya nuna masa koren hasken kantin magani da ke tsallaken titi. Ya maimaita, ya sake maimaitawa. Malam Salihu ya gyaɗa kai, ya yi godiya, har da addu'ar samun sauƙin gwiwa. Kafin la'asar maganar ta zube daga kansa.

Ranar Juma'a ya fito daga masallaci da farar rigarsa, ya miƙe. Ya wuce baƙin gilashi, ya wuce bulo, ya wuce farin bango. A kwanarsa babu komai sai sandar ƙarfe da ƙugiyoyi biyu suna lilo. Ya ɗaga kai bai ga ja ba, ya ci gaba. Titi ya fara faɗi, gidaje suka ragu, bututan hayaƙi suka matso. Yana ta salati a hankali. Can sai ga Zakara, a saman wani shago mai ƙamshin kaza: ja, da zankonsa, da ƙafa ɗaya a ɗage. Daɗi ya kama shi har ƙwalla ta zo masa. "Alhamdu lillahi," ya ce, ya karya dama.

Hanyar da ya shiga ba ta mutane ba ce. Shingen waya ne a gefe da gefe, manyan motoci na wucewa suna kaɗa masa riga.

Maƙwabciyar ce ta ga bai dawo ba ta kira Nuriyya, ita kuma ta hau jirgin ƙasa ko jaka ba ta ɗauko ba. Da ta isa, Michel na ta kai da kawo a bakin rufaffiyar mashayarsa. Shi ya ce su je inda allon yake, su karya dama. Rana na dab da faɗuwa suka same shi zaune a ƙasa, a gindin wata ƙatuwar shuɗiyar ƙofar ma'ajiyar kaya, makullin gidansa a hannu. Ya gwada shi har yatsunsa sun yi jini.

"Ban ɓata ba, Nuriyya," ya ce da sauri. "Na karya dama a wurin Zakara."

"Na sani, Baba."

Ya dubi Michel, ya ga ƙaton yana kuka, sai ya fahimta. Ya juya ga Nuriyya.

"A unguwarku," ya ce, "allunan suna da hoto?"

Ta so ta yi masa ƙarya, ta kasa. "Rubutu ne kawai, Baba."

Ya miƙa mata makullin.