Ƙibar Ummulkhairi

Sista Kande Istifanus mutuniyar Zuru ce. Aikin jinya ya kawo ta Kalgo tun tana budurwa, a nan ta yi aure, a nan furfura ta same ta. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata. Ina son ta, amma ba na son fita unguwa da ita, don ba ta iya gaisuwa irin ta mutane ba. Kina miƙa mata hannu za ta juya shi ta duba farcenki, ta tambaye ki yaya barci. Na sha ce mata ko gidan biki ta je sai ta samo majinyaci.

Duk da haka na ja ta Masama, can ƙasar Gwandu, mu dubo Ummulkhairi, ɗiyar yayata Laraba, wadda ta koma gida wankan jego, arba'in ta kusa. Muna shiga Yaya Laraba ta tarbe mu baki har kunne, ta ce mu zo mu ga aikinta. Ruwan wanka sai ya tafasa safe da yamma, kunun kanwa kuwa ba ya yankewa a ƙwarya. Yarinyar da muka sani kamar sillen kara ta cika ta batse, fuska ta yi fam, ƙafa ta ƙi shiga takalmi. Ni ma na rangaɗa guɗa, na ce mijinta ba zai gane ta ba.

Sista ba ta taya mu ba. Ta karɓi jariri tana masa wasa, amma idonta na kan uwar. Da ta ga matasai jibge a jikin bango, sai ta tambaye ta yadda take kwana. Ummulkhairi ta ce a zaune, don in ta miƙe numfashinta ke sarƙewa. Wannan 'yar amsar ma sai da ta huta a tsakiya. Sista ta kama ƙaurinta ta danna da babban yatsa, ta ɗaga. Wurin ya lotsa kamar tuwo, ya ƙi tasowa. Duk muka zuba wa ramin ido.

"Inna, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne," in ji Sista. "Zuciyarta ta gaji. Yau za a kai ta Birnin Kebbi, ba gobe ba."

Na ji kunyar guɗar da na yi. Yaya Laraba kuwa ta harzuƙa, ta ce haka uwarmu ta yi mata, haka kakarmu ta yi wa uwarmu, ba wadda za ta zo daga Zuru ta koya mata jego. Na ɗauka za a yi ta, don Sista ma ba kanwar lasa ba ce. Sai na ga ta sauko ta zauna a tabarma kusa da ita. Ta aika a kira Sirajuddeen, mijin yarinyar, ya nemo mota, amma bayanin Yaya Laraba ta yi wa, tunda ita ke riƙe da ludayi.

Ta yaba mata ɗawainiyar da ta sha. Ta ce kanwa tana riƙe ruwa a jiki kamar gishiri, zafin wankan kuma yana wahalar da zuciya. Ba kowace mai jego abin ke kayarwa ba, amma wannan ya kama ta. Daga yau a daina kanwa, a rage gishiri, wanka da ruwa mai ɗumi ya isa. In an sallamo ta, abin da za a sa wa ido shi ne kumburi, da tari in ta kwanta, da haki ko daga ɗaki zuwa tsakar gida.

Tana faɗa, na ga fuskar yayata tana sauyawa. Ta daina musu.

"Halima Sadiya," ta ce a hankali. Babbar ɗiyarta ke nan, wadda ta rasu a jegon fari shekarun baya. "Haka ta yi. Har mata sunka zo suna yi min barka da iya jego. Munka ce ajali na. Ni ka dama mata kunun da hannuna."

Ina cikin matan da suka yi barkar.

Ummulkhairi ta rayu, har yanzu tana kan magani, ɗanta ya fara gudu. Amma abin da ya kasa barin raina a motar da ta kai mu asibiti ya faru. Yaya Laraba tana rungume da jikanta, ta juyo ta dubi Sista.

"Ɗiyata, da kin ga Halima, da ta tashi?"

Sista Kande ta kama hannun tsohuwar ta riƙe, har muka isa Birnin Kebbi ba ta sake shi ba.