Goggo Lok Mai Farautar Iska

A benenmu na unguwar Tai Kok Tsui da ke bakin teku, Goggo Lok ce ke da rufin sama. Can take shanya kifin gishiri, sana'ar da ta gada wurin uwarta. Da hantsi iskar teku kan ratso lungunan unguwa, kafin yamma kifi ya sha iska ya yi tauri.

Sai aka cike bakin teku da ƙasa, aka jera dogayen gidaje manne da juna, ko tsaga babu tsakaninsu. Iska ta ɗauke ɗif. Unguwa ta koma tukunyar turara. Kowa ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, su kuma na'urorin suna feso zafi cikin lungu. Kifin Goggo ya soma wari, ƙudaje suka samu wurin biki.

Tsoho Mak mai aski ya leƙo ta taga ya ce, "Goggo, ki ji tausayin hancinmu. Ki kama wata sana'ar mana!"

Ta ce, "Kai da ba ka da gashi ko ɗaya kake aski, wa ya hana ka?"

Daga ranar ta shiga farautar iska. Ta ɗaura tsumma a kan sanda, tana bin titi-titi tana ɗagawa ko zai motsa. Ta gwada rufin ƙanwarta, ta gwada gefen gada, duk shiru. Barci ma ya ƙaurace mata.

Ashe iskar tana can gindin sababbin gidajen, a wata kusurwa inda take matsowa ta fito a fusace har tana birkice laima. Da Goggo ta gano wurin, sai ta rataye kifinta a shingen ƙarfen gidajen. Masu gadi suka kore ta, washegari ta dawo. Haka aka yi ta yi, har ranar da iskar ta tsinke igiya ta watsa kifin kan motar wani attajiri.

Ɗanta ne ya je ya ba da haƙuri, sannan ya kwashe ta ya kai ta tsibirin Cheung Chau.

Bara na gamu da ita a tashar jirgin ruwa, ta kawo wa masu shaguna busasshen kifi. Na ce, "Goggo, ya iska?"

"Akwai ta, har ta yi yawa. Amma wa na sani a can? Wai da gaske za a rushe benenmu?"

Ana haka jirgin komawa tsibirin ya yi ƙara. Ta suri kwandonta ta kutsa cikin mutane tana faɗin a ba ta hanya.