Juma'ar da Aka Kashe Ni Sau Uku a Falon Oga

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata Juma'a a unguwar Dokki ba, farkon shekarun tamanin, lokacin da bidiyo ya fara shiga gidajen manya a Alƙahira. Ku sababbin direbobi kuna ta tambayata dalilin da ya sa ake ce mini Gawa. To ku saurara, don ba zan maimaita ba.

Mu direbobin ofishin jakadanci da aka ɗauka a nan Masar, ba irin ma'aikatan da ake turowa daga gida ba ne. Idan jami'in da kake tuƙawa ya gama wa'adinsa ya tafi, wanda ya gaje shi sai ya gwada ka na ɗan lokaci. In ka yi masa, a sabunta takardarka. In ba ka yi masa ba, khalas, shi ke nan. Kuma iƙamarka, wato izinin zama a ƙasar, a jikin aikin take rataye. Ni ga mata ga 'ya'ya a unguwar Arba wa Nus.

Sabon ogana Alhaji Sa'idu ba shi da matsala. Matarsa Hajiya Binta ce ba ta so na. Ta ce na tsufa, ba na fara'a, ba za ta ba ni yaranta in kai makaranta ba. Har an kawo mata wani matashi mai turare da Turanci. Ranar Lahadi za a yanke magana.

To tun a shekarun saba'in, kafin in sami wannan aiki, ina jan wata tsohuwar Fiyat ta haya, ta wani dattijo Hajji Abdu. Wasu Italiyawa suka zo yin fim ɗin 'yan fashi, aljihunsu fayau. Suka ɗauke ni jigilar kaya. Da ɗan wasansu mai fitowa a direba ya ga yadda ake tuƙi a Alƙahira, sai ya ce shi bai shirya mutuwa ba. Aka ɗora mini hula aka ce ni ne direban ɓarayi. Na yi, na karɓi hakkina, na manta. Kuskurena ɗaya, na taɓa ba Istifanus kukun gidan Oga labari.

Ranar Juma'a bayan masallaci gidan Oga kan cika, a ci shinkafa, a kalli kaset. Ina wanke mota sai ga Istifanus yana washe baki.

"Haruna, Oga na kira. Zo ka ga ɗan'uwanka a talabijin."

Ashe ya tono kaset ɗin a shagon haya. Na shiga na tarar da falo maƙil: ma'aikata da matansu, da Ustaz Nasiru, wani ɗalibi daga unguwar Madinat Nasr da ba ya fashin shinkafar Juma'a. Na rakuɓe bakin ƙofa. Na ce a raina, yau Hajiya za ta gan ni cikin ɓarayi, iƙama ta tafi.

Fim ɗin kuwa abin tausayi. Hoton ya koɗe, kowa ya zama ruwan ɗorawa. Shugaban ɓarayin na da gashin baki na manne, in ya yi fushi sai gefe ɗaya ya sauko.

"Wannan ya riƙe gashin bakinsa tukuna kafin ya riƙe banki," in ji Oga.

Aka fara harbe-harbe a kasuwa. Sai ga wani mai kankana ya faɗi cikin kayansa, ƙafafu sama. Istifanus ya daka tsalle.

"Shi ne! Wallahi Haruna ne! A mayar baya!"

Ni ne. 'Yan wasa sun yi wa Italiyawan kaɗan, sai suka ɗaura mini rawani suka ce in faɗi. Aka mayar baya har na gaji da ganin tafin ƙafata.

"Allah ya jiƙan Malam Haruna," in ji Ustaz, bakinsa cike da nama.

"Wannan ba jini ba ne," in ji Istifanus. "Tumatirin gwangwani ne, kuma ba a soya shi ba."

Ba a jima ba sai ga ɗan sanda ya leƙo ta bayan gini, wandonsa bai kai idon sawu ba. Tau! Ya dafe ƙirji ya zube. Sai wata mata ta ce, "La ilaha! Ba shi ne mai kankana ba?"

Nan fa aka kece. Wani ya faɗo daga kujera. Oga yana share hawaye da hularsa.

"Haruna, yaushe ka tashi har ka shiga aikin ɗan sanda?"

"Ranka ya daɗe, a rana ɗaya aka yi duka."

Na saci kallon Hajiya. Ko murmushi babu.

Sai aka zo wurin fashin. Ɓarayi suka shiga banki, suka bar direba a waje cikin Fiyat. Ga ni nan, hula har gira, fuska a murtuke kamar yadda kuka san ta. 'Yan sanda suka iso. Ɓarayin suka fice ta baya, suka haye katanga, ko waiwaye. Direba na zaune. Ana harbi, yana zaune. Gilashi ya fashe, yana zaune, hannu a sitiyari. Har aka harbe shi ya kifa kai a kan hon.

Oga ya tsayar da kaset, don gardama ta hana a ji komai.

"Wawa ne!" in ji Istifanus. "An gudu an bar ka, kana jiran wa? Kakarka?"

"A'a, akwai mas'ala a nan," in ji Ustaz. "Wafa'i ne, cika alkawari. Sai dai ya cika shi ga fasiƙai. Ladan da zunubin sai an zauna an tantance."

"Ustaz, tantance ƙashin kazar nan tukuna," in ji Istifanus.

Mata suka rabu biyu. Wasu suka ce shi kaɗai ne namiji a fim ɗin, wasu suka ce irinsa ne ke mayar da mace bazawara a banza. Wani akawu ya rantse Italiyawa sun fi kowa hikima, wai direban na nufin talakan duniya. Aka ce masa ya zauna. Oga ya ce shi dai abin da ya gani, duk fim ɗin mutum ɗaya ne ya zo aiki a kan lokaci.

Sai Hajiya ta yi magana, karo na farko.

"Malam Haruna, me ya hana ka tafiya?"

Da ina da wayo da na ce amana ce, in karɓi tafi. Amma ni ban iya kwalliyar magana ba.

"Hajiya, kuloci ne ya mutu. Cewa aka yi in fizgi mota in gudu. Na taka, ta ƙi. Su kuma ba su da fim ɗin sake ɗauka, sai suka ce a harbe ni kawai a wuce wurin."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Akawun nan mai talakan duniya ya fice waje. Ustaz ya ƙware, ana bubbuga masa baya yana cewa, "Mas'alar ta faɗi!" Ni kuwa na ce shi ke nan, ɗan mutuncin da ya rage na zubar da hannuna.

Hajiya ta jira aka lafa.

"Kuloci ya mutu. Ƙafarka ma ta mutu? Na ga ƙofa ba a kulle take ba."

"Hajiya, motar Hajji Abdu ce. Mutanen nan wasan wuta suke tayarwa a gindin tankin mai. In fita in bar musu ita, in je in ce masa me?"

Ta dube ni tun daga hula har takalmi. Sai ta juya wurin mijinta.

"Alhaji, a sallami mai turaren nan. Wanda bai bar tsohuwar Fiyat ba, ba zai bar mini yara a titi ba." Ta sake dubana. "Amma ka riƙa duba kuloci. Kuma don Allah ka riƙa dariya, ko ta manne ce irin gashin bakin shugaban ɓarayin naku."

Ranar Lahadi aka sabunta takardata. Na kai yaran nan makaranta har suka bar ƙasar, kuma tun daga ranar ko Oga Gawa yake kirana.

Abin da na gane a aikin nan ke nan. Tuƙi kowa ya iya, har mai turare. Abin da masu gida ke dubawa shi ne inda za a same ka idan abu ya ɓaci. Kuma in sun tambaye ka, faɗi abin da ya faru, ko za su yi maka dariya har su faɗo daga kujera. Yalla, ku tashi ku duba kulocinku.